Yadda Ake Cike Jadawalin Hasashen Gasar March Madness, Mataki-Mataki

Da zarar watan Maris ya kama, masu bin ƙwallon kwando sukan dawo da tambaya ɗaya: yaya ake cike jadawalin nan na hasashen March Madness, wato gasar jami'o'in Amurka, kuma me ya sa wanda bai taɓa kallon wasa ko ɗaya ba yakan kayar da mai kwana a gaban talabijin? Amsar tana cikin lissafin maki. Mafi yawan mutane suna ɓata lokacinsu a kan wasannin zagayen farko suna neman ba-zata, wato ƙaramar ƙungiya ta doke babba, alhali rabin makin jadawalin yana cikin zagaye uku na ƙarshe, inda wasanni bakwai kacal ake bugawa. Wannan jagorar ta gasar maza ce ta hukumar NCAA mai kula da wasannin jami'o'in Amurka, amma matakan suna aiki a ta mata ma.

1. Tanadi kayan aiki, ka san lokacin rufewa

Waya mai intanet da adireshin imel sun isa. Shafukan ESPN, CBS Sports, Yahoo da na NCAA duk suna buɗe gasar cike jadawali kyauta, kuma kana iya buɗe rukuninka ka gayyaci abokai da mahaɗi guda. ESPN na barin mutum ɗaya ya cike har jadawali 25. Data kawai za ka kashe. Kyaututtukan da suke tallatawa galibi na mazauna Amurka ne, don haka kada ka sa rai da su.

Ana bayyana jadawalin ran Lahadi a tsakiyar Maris, da ƙarfe shida na yamma agogon gabashin Amurka, wato sha ɗaya na dare a Najeriya da Nijar, goma a Ghana. Talata da Laraba ana buga wasannin share fage. Har zuwa gasar 2026 guda huɗu ake bugawa a garin Dayton na jihar Ohio, suna rage ƙungiyoyin daga 68 zuwa 64. Wasanni 63 da suka biyo baya su ne ake hasashe.

*Gargaɗi:* ana rufe jadawali da zarar an jefa ƙwallon wasan farko na ranar Alhamis, wajen ƙarfe biyar da kwata na yamma agogon Najeriya. Wanda ya ce sai ya dawo daga sallar isha'i zai cike, ya makara.

2. Karanta dokar maki kafin ka zaɓi kowa

Tsarin da aka fi amfani da shi yana ninka maki kowane zagaye: 1, 2, 4, 8, 16, 32. Na ESPN shi ne wannan ɗin da sifili a gaba: 10, 20, 40, 80, 160, 320. Ka lura da abin da hakan ke nufi. Zagayen farko wasa 32 ne, kowanne maki 10, jimla 320. Wasan ƙarshe shi kaɗai 320. Mutumin da ya dace da zakara ya yi daidai da wanda ya canki dukkan wasannin Alhamis da Juma'a ba kuskure ko ɗaya, abin da kusan ba ya faruwa. Ƙari a kan haka, zakaranka yana tara maka maki tun daga wasansa na farko: 10 da 20 da 40 da 80 da 160 da 320, wato 630 cikin 1,920 daga ƙungiya ɗaya.

Wasu rukunonin suna da nasu tsarin. Akwai masu ƙara lambar ƙungiyar (mataki na uku zai bayyana lambobin) a kan makin zagayen, ta yadda idan mai lamba 12 ta ci wasa za ka samu ƙarin 12. A irin wannan rukuni ba-zata tana da daraja, kuma za ka sassauta abin da zan faɗa a mataki na shida. Ka tambayi wanda ya buɗe rukunin, kada ka ɗauka.

3. Fahimci lambobin

An raba ƙungiyoyi 64 gida huɗu: Gabas, Yamma, Kudu da Tsakiyar Yamma. A kowane gida akwai lamba 1 zuwa 16, mafi ƙarfi ita ce 1. Zagayen farko yana haɗa 1 da 16, 2 da 15, 3 da 14, 4 da 13, 5 da 12, 6 da 11, 7 da 10, 8 da 9. Wasa ɗaya ne, wanda ya faɗi ya koma makaranta.

Wani kwamiti ne yake ba da lambobin, kuma abin da yake aunawa shi ne abin da ƙungiya ta cim ma a kakar wasa: wa ta doke, a ina, wa ya doke ta. Wannan ya sha bamban da ƙarfinta a yau. Ƙungiyar da ta ci wasanni da yawa da ratar maki ɗaya ko biyu tana iya samun lamba mai kyau fiye da ƙarfinta, wata kuma da ta yi rashin sa'a a Disamba ta farfaɗo a Fabrairu tana iya tashi da lamba 10. A wannan giɓin ake samun galaba a kan sauran 'yan rukuni.

4. Fara da zakara, ka dawo baya

Kusan kowa daga hagu yake farawa, wasa bayan wasa, har ya tsinci kansa a wasan ƙarshe da ƙungiyoyi biyu da bai yi niyyar kaiwa can ba. Ka juya tsarin. Rubuta zakara tukuna.

Daga 1985, lokacin da gasar ta koma ƙungiyoyi 64, zuwa 2025 an buga ta sau 40, domin an soke ta 2020 saboda korona. Masu lamba 1 sun ɗauki kofin sau 26. Mafi ƙasƙancin lamba da ta taɓa ɗauka ita ce Villanova mai lamba 8 a 1985, sai UConn mai lamba 7 a 2014. A tsawon waɗannan shekarun babu mai lamba 5 da ta ci kofin. Saboda haka zakaranka ya fito daga lamba 1, 2 ko 3, in ka matsa ƙwarai 4, kamar UConn ta 2023.

Don rarrabe tsakaninsu, buɗe shafin KenPom na Ken Pomeroy, wanda teburinsa na farko kyauta ne, ko na Bart Torvik wanda ba a biyan komai. Ginshiƙai biyu za ka duba: makin da ƙungiya ke ci a kowane hari 100, da wanda ake ci mata a hari 100, bayan an yi la'akari da ƙarfin abokan karawarta. Abin da ake so shi ne ƙungiyar da take cikin na sama a duka biyun. Wadda ta iya zura ƙwallo amma bayanta a buɗe yake, za ta burge ka a wasa biyu, ranar da hannun 'yan wasanta ya ƙi kuma babu abin da zai cece ta. Sai an ci wasa shida a jere ake ɗaukar kofi, kuma da wuya a yi shida ba a gamu da irin wannan ranar ba.

Yanzu sai batun da mutane suka fi tsallakewa: ku nawa ne a rukunin? Idan ku takwas ne ko goma, ɗauki ƙungiyar da ta fi kowa ƙarfi, ka bar sauran su yi wa kansu illa da son burgewa. Idan kun kai ɗari ko fiye, lissafin ya canza. Ga misali na ƙirƙira don a gane. A ce ƙungiya ta farko tana da damar kashi 20 cikin ɗari ta ɗaukar kofi, kuma mutum 30 cikin ku ɗari sun zaɓe ta. Ta biyu damarta kashi 12, amma mutum biyar ne suka zaɓe ta. In ka bi ta farko kuma ta ci, sai ka sake kayar da mutum 29 a ƙananan zagaye. In ka bi ta biyu ta ci, abokan takararka huɗu ne. Damarka ta zama na ɗaya a rukunin ta fi ninki uku a hanya ta biyu, duk da cewa ƙungiyar ba ta kai ta farko ƙarfi ba. ESPN da Yahoo suna nuna kason mutanen da suka zaɓi kowace ƙungiya kafin a rufe, don haka ba sai ka yi duba ba. Makarantu masu suna irin su Duke, Kentucky, Kansas da North Carolina jama'a sukan yi musu rububi fiye da ƙarfinsu na wannan shekarar.

*Gargaɗi:* kauce wa taro ba ya nufin ɗaukar mai lamba 9. Ana nufin ka bar ta ɗaya a farin jini ka ɗauki ta uku ko ta huɗu a ƙarfi. Kuma kada tarihin rashin faɗuwa ya ruɗe ka. Kentucky ta ci wasa 38 a jere a kakar 2015, Wisconsin ta fitar da ita a wasan kusa da na ƙarshe. Gonzaga ta isa wasan ƙarshe na 2021 ba a taɓa doke ta ba, Baylor ta lallasa ta 86 da 70.

5. Cike huɗun ƙarshe da takwas ɗin ƙarshe

Kowane gida yana fitar da ƙungiya ɗaya. Sau biyu kawai dukkan masu lamba 1 suka isa tare: 2008, sai 2025 da Florida, Houston, Duke da Auburn suka haɗu a San Antonio. A 2023 kuwa ko ɗaya ba ta kai takwas ɗin ƙarshe ba. Ni ina sa biyu masu lamba 1, in cike ragowar biyun da lamba 2, 3 ko 4 waɗanda alƙaluman mataki na huɗu suka nuna sun fi lambarsu ƙarfi.

Za ka ji ana ta labarin masu lamba 11 da suka kai huɗun ƙarshe: LSU a 1986, George Mason a 2006, VCU a 2011, Loyola Chicago a 2018, UCLA a 2021, NC State a 2024. Gaskiya ne. Amma kowace shekara masu lamba 11 huɗu ne ke shiga zagayen farko, kuma babu wanda ya san wace ce a cikinsu, ko ma akwai ta a bana. In ta faru, kusan kowa a rukuninku ya rasa makin tare da kai, ba ka yi asarar komai ba.

Ka duba hanyar da kowace ƙungiya za ta bi. Mai lamba 1 da za ta gamu da mai lamba 8 wadda KenPom ya sa cikin 20 na sama tana cikin haɗari tun wasa na biyu.

6. Zagayen farko: ba-zata da awo

Masu lamba 1 da 2 duk ka wuce da su ba tare da dogon tunani ba. Sau biyu mai lamba 16 ta taɓa cin mai lamba 1 a gasar maza: UMBC ta doke Virginia 74 da 54 a 2018, Fairleigh Dickinson ta doke Purdue 63 da 58 a 2023. Masu lamba 15 sun ɗan fi yin abin mamaki, kamar Oral Roberts a 2021, Saint Peter's da ta fitar da Kentucky a 2022 ta kai takwas ɗin ƙarshe, da Princeton da ta fitar da Arizona a 2023. Duk da haka maki 10 kake nema, kana jefa ɗaruruwa cikin haɗari.

Wurin farauta shi ne wasannin 5 da 12, 6 da 11, 7 da 10. Mai lamba 12 takan ci kusan wasa ɗaya cikin uku. Wasan 8 da 9 kuwa rabi da rabi ne, kada ma ka kira shi ba-zata. Ka kuma sa ido a kan masu lamba 11 da suka fito daga wasan share fage: daga 2011 zuwa 2025, in ban da 2019 da 2025, kowace shekara akwai wadda ta fito daga can ta sake cin wasa, kuma VCU da UCLA da na ambata daga can suka taso.

Dokar da nake bi ita ce: ina zaɓen ba-zata ne kawai a kan ƙungiyar da dama na yi niyyar fitarwa a zagaye na biyu. Idan mai lamba 5 za ta faɗi a hannun mai lamba 4 a jadawalina, to fitar da ita tun farko maki 10 kawai zai iya ci mini. Idan kuwa na kai ta takwas ɗin ƙarshe, ba na taɓa ta.

Abubuwan da ke sa ƙaramar makaranta ta kayar da babba sanannu ne. Akwai jifa daga nesa mai maki uku: a 2024 Jack Gohlke na Oakland ya zura irinta goma shi kaɗai, Kentucky mai lamba 3 ta tafi gida. Akwai jan wasa a hankali, domin idan hare-hare suka yi kaɗan, ratar ƙarfi ba ta samun lokacin bayyana. Sai 'yan wasa da suka daɗe tare, da rashin zubar da ƙwallo.

*Gargaɗi:* ba kowace shekara ake hauka ba. A 2025 babu ko ɗaya daga masu lamba 1 zuwa 4 da ta faɗi a zagayen farko. Jadawalin da ya cika da ba-zata goma sha biyar yakan mutu kafin daren Juma'a. Biyar zuwa takwas sun isa, har da nasarar masu lamba 9 da 10.

7. Duba farashin 'yan caca, don labari kawai

Tun da Kotun Ƙolin Amurka ta soke dokar da ta hana jihohi halatta cacar wasanni a 2018, alƙaluman kamfanonin caca suna fitowa a gefen kowane wasa a shafukan labarai. Ba sai ka buɗe asusu ba kafin ka gan su. Idan ka ga −6.5 a gaban sunan ƙungiya, ana ganin za ta ci da ratar maki shida zuwa bakwai. Idan ratar ba ta wuce uku ba, wasan a buɗe yake komai lambobin da kwamiti ya bayar. Wani lokaci ma wadda kwamiti ya sa a ƙasa ce ake ba rinjaye: a 2025 Colorado State mai lamba 12 ita kasuwa ta fifita a kan Memphis mai lamba 5, kuma ita ta ci. Irin wannan ne mafi arhar ba-zata, domin 'yan rukuninku lamba kawai suke kallo.

Zuba kuɗi kuwa ba na ba kowa shawararsa. Ga Musulmi hukuncin caca a fili yake a aya ta 90 ta Suratul Ma'ida, kuma rukunin da kowa ke ajiye kuɗi wanda ya yi na ɗaya ya kwashe yana cikinta, ko da abokai ne. Ko a lissafi ma ba ta fita. Farashin da aka saba shi ne −110, wato ka sa 110 don ka ci 100. Sai ka dace a kashi 52.4 cikin ɗari na wasanninka kafin ka dawo da uwar kuɗinka, alhali an tsara ratar ne don kowane ɓangare ya zama rabi da rabi. Tikitin da aka jera wasanni biyar ko goma a kai ya fi muni, domin kason kamfani yana hauhawa da kowane wasa da aka ƙara, kuma wasa ɗaya ke yanka shi. NCAA kanta ta haramta wa 'yan wasanta da ma'aikatan sashen wasanni na jami'o'i shiga rukunin jadawali da ake biyan kuɗi. Idan ana son armashi a rukuni, ya isa a ce wanda ya zo na ƙarshe zai sha tsiya har Maris mai zuwa.

8. Bincika raunuka ranar Laraba

Alƙaluman KenPom na kakar wasa gaba ɗaya ne, ba su san wanda ya ji ciwo shekaranjiya ba. A 2000 Cincinnati ce ake gani za ta ɗauki kofi, sai tauraronta Kenyon Martin ya karye a ƙafa kwanaki kaɗan kafin gasar, Tulsa ta fitar da ita a zagaye na biyu. Virginia ɗin da UMBC ta kunyata ta shiga wasan ba De'Andre Hunter, wanda ya karye a wuyan hannu. Da ya dawo, ita ta ci kofin 2019. Ka rubuta sunan kowace ƙungiya cikin takwas ɗinka na ƙarshe a Google ka karanta labaran kwana ukun da suka wuce. Minti goma sha biyar ne. Wanda ya fi muhimmanci a duba shi ne mai riƙe ƙwallo yana raba ta, domin samun madadinsa ya fi wuya.

Azumi kuwa kada ka lissafa shi a matsayin rauni. Adama Sanogo ɗan Mali yana azumin Ramadan ya jagoranci UConn ta ci kofin 2023, aka kuma zaɓe shi gwarzon gasar, lambar da Hakeem Olajuwon ya samu da Houston a 1983 duk da sun faɗi a wasan ƙarshe.

9. Makin raba gardama, sannan ka adana

A ƙasan jadawalin za a nemi ka canki makin wasan ƙarshe, don raba waɗanda suka yi kunnen doki. Wasan jami'a na maza rabi biyu ne na minti 20, don haka kada ka sa makin gasar ƙwararru ta NBA. Ga na baya-bayan nan: 72 da 69 a 2022, 76 da 59 a 2023, 75 da 60 a 2024, 65 da 63 a 2025. Jimlar 135 zuwa 145 zato ne mai kyau.

Ka danna maɓallin adanawa, ka fita, ka sake shiga ka tabbatar sunan zakara ya bayyana kuma jadawalin yana cikin rukunin da kake nufi. Cike jadawali daban, shigar da shi rukuni daban, kuma a nan mutane da yawa ke tuntuɓe. In za ka cike fiye da ɗaya, canza zakaran a kowanne. Jadawali biyar masu zakara ɗaya tare za su mutu.

10. Bayan an fara

Za ka yi kuskure tun daren farko, kowa ma haka. In da canke ne tsagwaronsa, damar cika wasanni 63 daidai ɗaya ce cikin 9,223,372,036,854,775,808. Attajiri Warren Buffett ya sa dala biliyan ɗaya a 2014 ga duk wanda ya yi hakan, ba wanda ya ko kusa. Mafi nisan da aka tabbatar shi ne wasa 49 a jere, a 2019.

Don haka idan ka buɗe teburin rukuni ranar Litinin, kada ka tsaya a ginshiƙin makin da aka samu. Kusa da shi akwai na makin da har yanzu mutum zai iya kaiwa, shi ne yake nuna matsayinka na gaskiya. Wanda ke kan gaba da maki 450 amma zakaransa ya fita, yana bayan mai 400 da huɗunsa na ƙarshe suke raye. Idan jadawalinka ya rushe gaba ɗaya, ESPN da wasu shafukan sukan buɗe sabuwar gasa daga zagayen ƙungiyoyi 16, wadda ake rufewa ran Alhamis ta mako na biyu. Wasan ƙarshe daren Litinin ne a farkon Afrilu, wajen ƙarfe biyun dare agogon Najeriya, wayewar Talata.